Zuciyar Baba ta dawo, amma bai farka ba, jikinsa sai fizga yake yi

Wata baiwar Allah daga Aboabo, nan Kumasi, ta aiko da tambaya. Mahaifinta mai shekara 61 ya yanke jiki ya faɗi a masallaci bayan sallar La'asar. Aka sa shi a tasi zuwa asibiti, can aka tarar zuciyarsa ta tsaya, aka danna masa ƙirji, aka yi masa shokin har ta dawo. Yau kwanansa biyu a ɗakin kulawa ta musamman, inji na taya shi numfashi, bai farka ba. Tun daren jiya fuskarsa da kafaɗunsa ke fizga. Gwaggonta ta ce alamar farkawa ce, kawunta ya ce iska ce. Likitoci sun yi masa allurar da ta sa ya yi laƙwas. Tana son ta sani: me fizgar take nufi, ko yana jin zafi, kuma don me ake ƙara sa shi barci alhali farkawarsa ake jira?

Sannu da jinya ƙanwata. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce. Ban ga Baba ba, ban riƙe fayil ɗinsa ba, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka maganar likitocin da ke tsaye a kansa tana gaba da tawa. Abin da zan yi shi ne in buɗe miki abin da suke dubawa, don in sun yi magana ki gane inda suka dosa.

Fizgar nan ba farkawa ba ce, ba kuma iska ba ce. Ƙwaƙwalwa ce ta ji rauni take nunawa. Ba zan ɓoye miki ba, alama ce mai nauyi. Amma a kwana na biyu, ita kaɗai ba ta isa a yanke wa Baba hukunci ba, kuma duk wanda ya yanke da ita kaɗai ya yi gaggawa.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na iskar oksijin da mutum ke amfani da ita, kuma ba ta da rumbun ajiya. Da zuciya ta daina tura jini, cikin kamar daƙiƙa goma hankali ya gushe. Bayan minti huɗu zuwa shida ƙwayoyinta sun fara lalacewa. Kuma ba duka suke lalacewa tare ba. Sashen da ke ajiye sabon tuni, da ɓawon sama inda tunani da magana suke, da sashen ƙeya mai daidaita motsi, su ne suka fi saurin jigata. Tushen ƙwaƙwalwa, mai kula da numfashi da bugun jini, ya fi juriya. Shi ya sa za ki ga mutum yana jan numfashi, har ya yi tari, amma ba ya nan.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne ɓarnar ba ta ƙarewa da dawowar zuciya. Mu da muka sha dumso mun san wannan: ba ɗauke wuta kaɗai ke kashe firji ba, sau da yawa dawowarta da ƙarfi ce ke ƙona shi. Haka jini yake in ya koma wa ƙwayoyin da suka galabaita. Wani sinadari da ƙwayoyin ke aika wa juna saƙo da shi, glutamate, yakan malalo ya yi yawa, sinadarin kalsiyam ya kwarara cikinsu, kumburi ya biyo baya. Wannan kashi na biyu yana ɗaukar sa'o'i har kwanaki, kuma a cikinsa Baba yake yanzu. Duk binciken da ake yi a wannan fanni shekara da shekaru, neman yadda za a rage wannan ɓarna ta biyu ne, don ta farko ta riga ta auku a tabarmar masallaci da kujerar tasi.

Mu dawo kan fizgar. Mai jinya abu ɗaya yake gani, jiki na motsi. Mu kuwa akalla abu huɗu muke rarrabewa. Akwai makyarkyatar sanyi kawai, wadda ba ta da alaƙa da farfaɗiya. Akwai jijjiga irin ta farfaɗiya, wadda kan zo ta wuce. Akwai zabura gajeriya kamar an tsikari mutum da lantarki, a fatar ido, leɓe, kafaɗa ko ciki, wadda taɓawa ko ƙara kan tayar da ita. Daga bayaninki wannan nake zato, kuma sunanta a fayil myoclonus. Sai ta huɗu, mai wuyar sha'ani: farfaɗiyar da ke ci a cikin kai, jiki kuwa shiru. Ƙungiyoyin likitocin Turai da suka fitar da ƙa'idojin wannan jinya a 2021 sun ce kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na irin waɗannan marasa lafiya suna samun farfaɗiya a ɗakin kulawa. Ke nan abin da kuke gani ba baƙon abu ba ne, kuma ba ya nufin Baba yana da farfaɗiya tun da can.

Lokacin da muke ɗalibai, abin da aka koya mana game da wannan zaburar gajere ne: in ta zo da wuri, ta game jiki, ta ƙi tsayawa, to a fara shirya iyali. Koyarwar tana da tushe. A 1994 wani likita mai suna Eelco Wijdicks da abokan aikinsa a asibitin Mayo na Amurka suka bi mutum 107 da ba su farka ba bayan tsayawar zuciya. Arba'in daga cikinsu sun yi irin wannan zabura mara yankewa, kuma dukansu sun rasu. Sai abin ya zama kamar doka. Sai dai akwai ƙugiya a ciki, wadda ta daɗe tana damun masu bincike. In likita ya riga ya gaskata cewa duk mai wannan alama ba zai tashi ba, zai janye injin numfashi, mara lafiya ya rasu, a rubuta a littafi cewa alamar ta yi gaskiya. Hasashen ne ya cika kansa. A Turai da Amurka yawancin waɗanda ke rasuwa a irin wannan hali bayan an janye injin suke rasuwa, don haka ba a iya sanin nawa ne da za su farka da an ƙara jira.

A 2015 David Seder da abokansa suka duba rajistar mutum sama da 2,500. Cikinsu 471 sun yi zaburar, kuma 44 daga cikin waɗannan, wato kashi 9 cikin 100, sun bar asibiti da hankalinsu. Tara cikin ɗari ba yawa ba ne, ban kawo shi don in sa miki dogon buri ba. Amma tara ba sifili ba ce, kuma tsakanin "da wuya" da "ba zai yiwu ba" akwai rayukan mutane. Tun ma kafin haka, a 1963, James Lance ɗan Ostireliya da Raymond Adams na Boston sun bayyana mutum huɗu da suka farka sarai bayan ƙwaƙwalwarsu ta rasa iska, amma da sun miƙa hannu za su ɗauki kofi sai jiki ya kama fizga. Har yau sunan su biyun ake kiran wannan lalura da shi. Haɗarinta shi ne tana iya farawa tun mutum yana kan inji, a ɗauka mai mugun nau'in ne, alhali a ƙarƙashin fizgar da maganin barcin akwai mutum yana dawowa.

To me ke raba nau'in biyu? Ido ba ya iyawa. Sai an saurari ƙwaƙwalwar da awon lantarkinta, wanda muke kira EEG: ƙananan wayoyi ake mannawa a fatar kai, ba zafi, ba huda. Ki ɗauka kin tsaya a saman bene kina sauraren kasuwar Kejetia da hantsi. Ƙwaƙwalwa mai lafiya haka take, hayaniya ce ta muryoyi dubbai, kowa da cinikinsa, ba ta yankewa, kuma in mota ta yi hon kasuwa takan ɗan canja sauti. In muka ji wannan hayaniyar tana nan a ƙarƙashi, sai dai wani mai ganga yana kutsowa jefi-jefi, to akwai fata, kuma yana da kyau a yi faɗa da mai gangar. In kuwa kasuwar tsit take kamar tsakar dare, sai can a yi ihu gaba ɗaya a sake yin tsit, ihun kuma iri ɗaya kowane lokaci, to wannan mummunan labari ne, musamman in ya wuce sa'a 24 a haka. Masu bincike a Pittsburgh sun nuna wannan bambanci a 2016: fizga iri ɗaya a ido, zane biyu daban a EEG, makoma biyu daban.

Yanzu ga tambayar da ta fi ɗaukar hankalina a duk wannan fanni, kuma ita ce taki ta uku da wasu kalmomi. Wannan tartsatsin lantarkin, shi ne wutar da ke cin ɗakin, ko hayaƙi ne kawai na gobarar da ta riga ta ci? In wuta ce, kashe ta zai ceci ɗakin. In hayaƙi ne, ko ka kore shi toka za ka tarar. Shekaru likitoci suka rabu biyu a kan wannan. Wasu na zuba magani har sai EEG ya yi shiru, wasu na cewa ihu bayan hari ne. Ba wanda ke da hujja sai abin da ya saba.

Likitocin Holan da Beljiyam ne suka gwada. Gwajin ana kiransa TELSTAR, Barry Ruijter da Jeannette Hofmeijer da Michel van Putten suna cikin jagororinsa, an yi shi a ɗakunan kulawa 11, aka fitar da sakamakon a 2022. Mutum 172 ne, dukansu cikin doguwar suma bayan tsayawar zuciya, dukansu EEG ɗinsu na nuna bugu mai maimaituwa. Aka raba su ta ƙuri'a. Kashi ɗaya, mutum 88, aka bi su da magungunan farfaɗiya da na barci mai nauyi, mataki-mataki, da nufin danne bugun na sa'a 48 a jere. Sauran 84 aka yi musu kulawar da aka saba. Maganin ya yi aikin da aka sa shi, don an danne bugun a fiye da rabin kashin farko. Amma bayan wata uku, kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka danne wa sun rasu ko sun tashi da naƙasa mai tsanani, a ɗaya ɓangaren kuma kashi 92. Mace-mace 80 da 82. Ba wani bambanci da za a riƙe. Abin da aka ƙara musu kawai shi ne ɗan tsawon zama a kan inji.

Na ga abokan aiki da suka karanta wannan suka ce shi ke nan, a daina ba da magani. Ni ban karanta shi haka ba. Kusan huɗu cikin biyar na mutanen gwajin suna da irin bugun da ke game kai gaba ɗaya a kan ƙwaƙwalwar da ta riga ta yi mummunan rauni. Waɗanda ke da farfaɗiya ta ainihi, mai tasowa ta sauya ta sauka, ba su da yawa a ciki, kuma a 'yan kaɗan ɗin nan an ga ɗan alamar amfani, sai dai yawansu bai kai a kafa hujja ba. Abin da gwajin ya koya mini shi ne kada in bi kowane tartsatsi da guduma. Bai ce in bar mai jijjiga yana jijjiga ba.

Abin da muke yi a aikace ke nan. Ba ma ba da maganin farfaɗiya tun kafin ta zo, don ba a ga amfanin haka ba. In ta zo, akan fara da levetiracetam ko sodium valproate, haka za ki ga an rubuta a takardar magani in an aike ku saya. Phenytoin, wanda ya fi sauƙin samu a wurinmu, yana iya sauke hawan jini, abin da zuciyar da ta tsaya jiya ba ta so, kuma bai cika jin wannan zaburar ba. Sai maganin barci, propofol ko midazolam, wanda shi ma yana kwantar da fizgar. Dalilin sa Baba barci uku ne: jijjiga tana ƙara wa ƙwaƙwalwa buƙatar iska a lokacin da ba ta da hali, tana ɗaga zafin jiki, tana kuma sa mutum ya riƙa kokawa da injin numfashi. Amma akwai farashi, kuma garin gyaran gira ana rasa ido. Maganin barci yana rufe mana fuskar mara lafiya, ba ma iya gane ko suman na ciwo ne ko na allura. Midazolam musamman yakan taru a jiki in ƙoda ta raunana, ƙoda kuwa takan raunana bayan zuciya ta tsaya. Na sha ganin wanda aka tsayar wa maganin ranar Talata, bai motsa ba sai Alhamis ko Juma'a. Akwai kuma wata allura mai sassake tsokoki gaba ɗaya. Ita jiki kawai take kwantarwa, ba ta taɓa abin da ke faruwa cikin kai. Don haka ki tambaya: laƙwas ɗin da Baba ya yi, fizgar aka magance ko jikin aka ɗaure?

Zancen zafi kuwa, ki kwantar da hankalinki. Jin zafi yana buƙatar sani, wanda ke cikin doguwar suma mai zurfi kuma ga maganin barci da na kashe zafi a jijiyarsa, ba mu da dalilin zaton yana shan azaba. Fizgar ta fi ciwo ga mai kallo. Na san yadda take tsaya wa iyali a rai, har bayan shekaru.

Wataƙila wani ɗan'uwa a Jamus ko Amurka ya riga ya bugo waya yana tambaya ko an sanyaya jikinsa. Labarin nan yana da daɗin ji, kuma ƙarshensa ya yi mana daɗi mu a Kumasi. A 2002 gwaji biyu suka fito, ɗaya daga Turai mai mutum 275, ɗaya daga Melbourne mai mutum 77. Suka nuna in an sauke zafin jikin mara lafiya zuwa digiri 32 zuwa 34 na sa'a 12 zuwa 24, ƙwaƙwalwa ta fi tsira: a na Turai kashi 55 suka warke da kyau, a waɗanda ba a sanyaya ba kashi 39. Duniya ta ɗauka, aka ƙera injuna masu tsada. A 2013 Niklas Nielsen na Suwidin ya gwada digiri 33 da 36 a mutum 939, bai ga bambanci ba. A 2021 gwaji na biyu na wannan ƙungiya, mai mutum 1,900, ya gwada digiri 33 da hana zazzaɓi kawai. Bayan wata shida, mace-mace kashi 50 da 48. Waɗanda aka sanyaya ma sun fi samun rikicewar bugun zuciya. Daga nan, a 2022, ƙa'idar ta koma: a auna zafin jiki ba ƙaƙƙautawa, kada a bari ya haura digiri 37.7 na aƙalla sa'a 72.

Wannan abu ne da hannunmu ke kaiwa: parasitamol, cire bargo, fanka, jiƙaƙƙen tawul, ƙanƙara a hammata da matsematsi, da nas mai ido. Sannan a nemi abin da ke kawo zazzaɓin, wanda yawanci ciwon huhu ne daga aman da ya sarƙe mutum lokacin faɗuwa, mu kuma a nan ba ma mantawa da gwajin maleriya. Amma kada a ce sanyaya ba ta da amfani kwata-kwata. Kusan rabin waɗanda aka hana wa zazzaɓi kawai a wancan gwaji sai da aka sa musu na'urar sanyaya kafin a iya riƙe zafin. Kuma kusan takwas cikin goma na mutanen gwajin an danna musu ƙirji tun a inda suka faɗi. Namu marasa lafiyar a tasi ko firagiya, keken nan mai ƙafa uku, suke isowa, ba wanda ya taɓa ƙirjinsu. Raunin nasu ya fi zurfi, kuma wani gwajin Faransa na 2019 a kan masu irin tsayawar zuciyar da ba ta karɓar shokin ya ga ɗan amfanin sanyaya, kashi 10 a kan kashi 6. Maganar ba ta rufu ba. Abin da ke ba ni takaici shi ne duk manyan gwaje-gwajen nan a kan mutanen wasu ƙasashe aka yi su, mu aro muke yi.

Sauran dabarun kuwa ba su da dogon labari. Tun 1986 aka gwada thiopental don kare ƙwaƙwalwa, bai yi ba. A Denmak a 2022 aka gwada ɗaga hawan jini da ƙara oksijin a mutum kusan 800, ba bambanci. A 2023 aka gwada ɗan ƙara iskar kabon a jini don buɗe jijiyoyin kai a mutum 1,700, ba bambanci. Har yau babu allura ɗaya da ke gyara ƙwaƙwalwar da ta rasa jini. In wani ya zo muku da wata mai tsada ya ce ita ce, ku riƙe sidinku. Abin da ke akwai shi ne kiyaye ƙananan abubuwa da yawa a lokaci guda: iska daidai, hawan jini kada ya faɗi, sukari kada ya yi sama ko ƙasa, gishirin jini, zazzaɓi, da gano abin da ya tsayar da zuciyar tun farko.

To yaushe za a sani? Ƙa'idar 2021 ta ce kada a yi hasashen mummunar makoma sai an cika sa'a 72 da dawowar zuciya, maganin barci ya fita daga jiki, zafin jiki ya daidaita. Sannan ba a dogara da alama ɗaya, sai aƙalla biyu sun haɗu. Ana haska ƙwayar ido a ga ko ta tsuke, a taɓa gilashin da ke rufe baƙin idon da auduga a ga ko ya ƙifta. Rashin duka biyun a idanu biyu alama ce. EEG mai shirun nan da na faɗa miki alama ce. Zabura mai game jiki ta minti 30 ko fiye a cikin kwana ukun farko alama ce. Hoton kai na CT ko MRI da ya nuna ɓarna ko'ina alama ce. Akwai gwajin jini na wani sinadarin da matattun ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke saki, NSE, in ya haura 60 a sa'a 48 ko 72, da wani gwajin da ake tsikarar jijiyar wuyan hannu a ga ko saƙon ya isa kai. In alamun ba su haɗu ba, ko suna saɓa wa juna, amsar ita ce a jira a sake dubawa.

Gaskiyar wurinmu kuma ita ce ba duk waɗannan ake samu ba. Wani bincike da aka buga a 2021 ya ƙirga gadajen kulawa ta musamman 149 a duk Gana, ga mutum miliyan 30. Cewa Baba ya samu ɗaya ma abin godiya ne. EEG mai tafiya dare da rana irin na Holan ba abin da za ki sa rai ba ne. Amma na minti 20 ko 30, a yi yau a maimaita jibi, yana faɗin abu mai yawa, kuma ya cancanci ku tambaya ko za a iya kawo na'urar bakin gado. Ra'ayina shi ne in kayan awo suka yi ƙaranci, haƙuri ne ya kamata ya ƙaru. Na kuma san kowace rana a wannan ɗaki kuɗi ce, na ga iyalai sun sayar da fili. Ba na ganin laifin wanda ya tambayi likita kai tsaye, "Wannan gwajin zai canja abin da za ku yi?" In amsar a'a ce, a bar shi.

Hanya uku ke gaban Baba, kuma gara ku san su tun yanzu. Zai iya farkawa, yawanci a hankali: ya janye hannu daga tsikari, ya bi mutum da ido, ya matse yatsa in an ce ya matse. Ko cikin waɗanda suka warke da kyau, kusan rabi sukan yi fama da mantuwa, gajiya ko saurin fushi. Zai iya buɗe ido ba tare da ya dawo ba, yana barci yana tashi amma ba ya gane kowa. Wannan ya fi kowanne ruɗa iyali, don Gwaggo za ta ce ai ga shi ya farka. Ko kuma kumburi ya kashe ƙwaƙwalwar har tushenta, inji kawai ke hura ƙirji. Wannan na ƙarshe malamai sun yi magana a kansa: majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ta zauna a Amman a 1986 ta ce in ƙwararrun likitoci suka tabbatar ƙwaƙwalwa ta mutu gaba ɗaya ba dawowa, ya halatta a cire injin. In an kai nan, Allah ya kiyaye, ku zauna da likitan da malaminku a ɗaki ɗaya, kada saƙo ya riƙa yawo tsakaninsu ta bakin dangi.

Kawu kuma kada ki yi jayayya da shi. Addu'a da karatu a kunnen Baba ba sa cin karo da komai namu, ni kaina nakan ce wa iyali su yi masa magana da muryar da ya sani. Iyakata ɗaya ce: kada a ɗura masa rubutu, zamzam, zuma ko man habbatussauda a baki, ko ɗigo ɗaya. Wanda ke cikin suma ba ya haɗiya, huhu abin zai tafi. Hayaƙin turare ma kada ya shiga ɗakin da ake sakin oksijin. In ana son shafa masa a goshi ko hannu, a gaya wa nas. Kuma tunda taɓawa na iya tayar da zaburar, in kun ga haka ku sassauta, ba ƙin ku yake yi ba.

Akwai aiki ɗaya da ku kaɗai za ku iya yi mana, kuma yana da nauyi a lissafinmu kamar kowane gwaji: ku gano mana mintocin. Tsayawar zuciya takan fara da 'yar jijjiga da wani irin gurnani na jan numfashi jefi-jefi, sai jama'a su ce farfaɗiya ce ko suma, a yayyafa ruwa, a yi fifita, a tura cokali a baki, a jira ya dawo. Wannan gurnanin ba numfashi ba ne. Christian Eriksen ya faɗi a filin ƙwallo a Kofanhegan ranar 12 ga Yunin 2021, aka hau danna ƙirjinsa nan take, aka yi masa shokin, ya koma buga ƙwallo cikin shekara. Fabrice Muamba, shi ma ɗan ƙwallo, a 2012 zuciyarsa ta yi minti 78 ba ta bugawa da kanta, ya tashi da hankalinsa, don duk tsawon lokacin hannu bai bar ƙirjinsa ba. Ba tsawon tsayawar kaɗai muke ƙirgawa ba, mun fi damuwa da mintocin da ba wanda ke tura jini. Danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya kira 112: ladan ko mai shayin bakin masallaci zai iya, in an taɓa nuna masa sau ɗaya.

Don haka ki sa yayyenki su koma masallacin. A tambayi waɗanda ke sahu ɗaya da shi: an idar da sallah ko ana ciki, ya dafe ƙirji kafin ya faɗi, akwai wanda ya danna shi. A duba wayar wanda ya fara kiran gida, lokacin kiran yana nan a rubuce, a gwada shi da lokacin da aka buɗe masa kati a asibiti. A kawo duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya da na ƙarfin jiki, kada a ji kunya. In kuma a danginsu an taɓa samun wanda ya faɗi haka ko ya kwanta bai tashi ba yana da ƙuruciya, ku faɗa wa likita, don a lokacin ke da 'yan'uwanki ma sai an duba zukatanku. Ku zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa magana da likitoci, ya zo da safe lokacin zagayen ɗaki da littafi a hannu. Idan an cika kwana uku kuma an tsayar da maganin barcin, ki sake rubuto mini abin da suka gani a idanunsa da abin da EEG ya nuna. Allah ya tashi kafaɗunsa.